Ƙarshen Littafin da Kawu Ya Gyara

Jambutu, Garwa,
cikin watan Mayu.

Zuwa ga Yayata Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙani ga yayarsa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Abakar da yara gaba ɗaya. Allah Ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan, Ya sa ruwan Libreville bai sake tayar masa da ita ba. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi, wanda kin san shi ba sai na kwatanta miki ba. Kogin Binuwai ya janye har yara suna buga ƙwallo a cikinsa. An yi mana yayyafi wanda bai isa ya jiƙa riga ba, amma ya isa a ɗauke wuta. Matata Jaratu tana gaishe ki, ta ce in faɗa miki daddawa da kukar da kika nema suna cikin kayan da wannan takarda ta biyo. Inna Dudu ta warke daga murar da ta kwantar da ita, ta koma faɗanta da 'yan babur, wanda a wurinmu shi ne alamar lafiya ta samu. Ƙaninmu Taufiƙ ya yi waya daga Tibati, wai kifi ya yi araha bana, kodayake har yau ba mu ga ko jela ba.

'Yarki Nasiha lafiyarta ƙalau, tana ci, tana sha, tana karatu. Na sa wannan a gaba don hankalinki ya kwanta, domin abin da ya sa na ɗauki biro ya shafe ta, amma laifin ba nata ba ne. Za ki ce me ya hana in kira ki a waya kamar kowa. Na gwada, Yaya. Na riƙe wayar har ta yi zafi a hannuna, na ajiye. Na san ki: kafin in kai tsakiya za ki fara dariya, kafin in kai ƙarshe za ki fara faɗa, ni kuma a halin da nake ciki ba zan iya ɗaukar ko ɗaya ba. Kuma gara ki ji daga gare ni, domin labarin ya riga ya zaga layinmu na kasuwa, ga shi masu kai kaya Gabon ba su da nauyin baki.

Kin san bana take rubuta bak, jarrabawar gama sakandare, kuma a sashen masu harshe biyu take, inda ake sa su karanta adabin Ingilishi kamar a can aka yanke musu cibiya. Tun bayan hutun sabuwar shekara ta nemi izinina su riƙa haɗuwa da abokan karatunta a gidanmu bayan la'asar, ƙarƙashin darbejiyar da Baba ya dasa. Su huɗu ne da ita. Akwai Nadine, 'yar garin Kayele, da take zaune wurin yayanta a nan, yarinya mai rubutu kamar na inji da fuska kamar ta alƙali. Akwai Cédric, ɗan Madam Florentine, mutuniyar ƙauyukan kan dutsen nan mai sayar da gyaɗa da wake a layin bayan shagonmu, yaron da bai taɓa yarda littafi ya fi shi gaskiya ba. Sai Arnaud, dogo, wanda na ɗauka ba ya magana sam, har ranar da Jaratu ta kawo musu ɗanwake na ji ya ce a ƙara yaji. Karatunsu abin kallo ne. A fara jimla da Ingilishi, a yi gardama a kanta da Faransanci, a yi zagi da Fulatanci, in an gaji a dawo Hausa, don Cédric ya ce ita ce ta fi saurin kai mutum inda za shi. Ni kuwa ina gefe a kujerata, na buɗe jarida a gabana, kunnena yana kan tabarmarsu.

Cikin littattafan da aka sa musu akwai wani labari mai kauri, wanda kwafi ɗaya tak suka samu, shi ma sai da aka aiko shi ta motar Ngaundere. Malamarsu, Madam Viviane, ta kai su rabinsa a aji, ta ce sauran su ƙarasa a gida lokacin hutun Ista, don lokaci ya ƙure. Sai suka yi abin da ɗaliban garin nan suka saba yi: suka warware ɗinkin littafin, suka raba rabin da ya rage gida huɗu, kowa ya ɗauki kasonsa ya karance shi har ya narke masa a kai, sannan ya zo ya ba sauran labari, su rubuta. Haka na ji yawancin labarin daga bayan jaridata. Wani gari ne na bakin teku mai sanyi, da wani dattijo mai jiragen kamun kifi, mutumin kirki a idon kowa, wanda kujerarsa ke gaba a coci. Yana da 'ya ɗaya da take riƙe masa gida tun rasuwar uwarta, da wata yarinya 'yar aiki da ya ɗauko daga ƙauye. Kaso na ƙarshe, inda komai ke warwarewa, shi ya faɗo wa Nasiha.

To, kin san ƙaninki. Tun da Baba ya tura ni Yola wurin Baffa na dawo da Ingilishin kanti, na ɗora na rediyo a kansa, nake ganin duk layin 'yan yadi babu mai karatuna, wanda gaskiya ne, sai dai layin ne bai da tsawo. Ranar da aka raba littafin, Nasiha ta zo ta durƙusa, ta ce akwai kalmomin jirgi da na teku a shafin farko na kasonta da ba ta gane ba. Maimakon in duba mata shafin, sai na ce ta kawo kason duka in karanta in fitar mata da masu wuyar. Har wani gyaran murya na yi. Na tafi da shi shago, na zauna bayan tulin atamfa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ke barci, na karance shi tas.

Yaya, marubucin nan ba shi da ta ido. Ashe 'yar aikin nan 'yar dattijon ce, a waje ya haife ta tun matarsa na da rai. Kuma marubucin bai tsaya a nan ba, sai da ya faɗi yadda aka yi, da ɗakin da aka yi, har da launin labule. 'Yar gidan ta gano. Ranar wata walima, a gaban baƙi da limamin cocinsu, ta miƙe tsaye ta kira ubanta da sunansa na yanka, ta faɗa masa abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya, ta kama hannun 'yar'uwarta suka fita, ba ta sake dawowa ba. Littafin ya ƙare dattijon yana zaune shi kaɗai, abinci yana hucewa a gabansa. Na rufe takardun na duba hagu da dama, kamar wani ya kama ni da su. Na tuna mu da har Baba ya koma ga Allah ba mu taɓa furta sunansa ba, ke har yau in za ki ambaci mai irin sunan sai ki ce mai sunan Baba. Sai na hango Nasiha, 'yarki, amanar da kika bar mini, tana tsaye ƙarƙashin bishiyar Baba, gaban samari biyu, tana bayanin abin da ya faru a bayan labulen nan. Na kuma hango kaina ina fassara mata kalmomin da ba ta gane ba, waɗanda wallahi ba na jirgi ba ne. Gumin da ya keto mini ba na zafin Garwa ba ne.

Da na koma gida sai na ce musu kason nan Ingilishinsa na da ne, mai wuya, gara ni in ba su labarin gaba ɗaya don kada Nasiha ta wahala. Suka yi murna, suka matso. Na ajiye jarida, na gyara zama, na ba su ƙarshen da nake ganin ya dace da gidan mutunci. A nawa, dattijon ya kwanta ciwo, 'yarsa ta yi jinyarsa. Ya kira 'yan matan biyu ya bayyana musu cewa 'yar aikin marainiya ce, 'yar amininsa da teku ta ci, ya riƙe ta a ɓoye don kada a raina ta. 'Yar gidan ta durƙusa ta nemi gafara kan zargin da ta yi masa. Ya warke. Ta auri kafintan jirgi, marainiyar ta auri ɗan limamin coci. Na aurar da kowa, Yaya, har da wata gwauruwa da marubucin ya manta da ita tun farkon littafi. Nadine tana ta rubutu, tana cewa in maimaita mata maganar dattijon yadda take a littafi, ni kuma ina ƙera mata da Ingilishin Yola. Cédric ya ce ashe Bature ma ya san ya kamata. Arnaud ya tafa. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne na ji daɗin tafin. Takardun kuwa na ce zan riƙe su in ƙarasa fitar da kalmomi, na mayar da su shago na danne da atamfa. Na ce wa kaina ai jarrabawa ba ta cika tambayar ƙarshen littafi ba, tunda malamai ma ba kasafai suke kaiwa can ba.

Bayan hutu aka yi musu jarrabawar gwaji, wadda suke kira bak blan. Tambayar da ta fito a kan littafin ita ce: me ya sa 'yar ta bar gidan ubanta, kuma ta yi daidai ko ba ta yi ba? Duk ajin sun san ta bar gida, ban da mutum huɗu, waɗanda tasu 'yar tana can tana dama wa ubanta kunu. Nadine ta zuba wa malamai ƙarshena har da maganganun da na ƙera. Arnaud ya yi haka. Nasiha ma haka. Cédric kuwa ya fara amsarsa da sanar da mai tambaya, cikin ladabi, cewa akwai kuskure a tambayar. Ni ban san komai ba. Suka ci gaba da zuwa bayan la'asar, suna gaishe ni kamar kullum, sai dai surutun ya ragu. Na tambaye su yaya jarrabawa, suka ce an gode Allah. Har tayi na yi musu, Yaya, na ce in suna so in ɗauke musu ƙarshen ɗayan littafin ma. Nadine ta kalli ƙasa ta ce a'a Kawu, kada su gajiyar da ni. Jaratu ta ce ita tun lokacin ta lura sun janye tabarmarsu zuwa ɗaya gefen bishiyar, amma ta ɗauka inuwa suke bi.

Madam Florentine ce ta buɗe mini ido. Wata hantsi ta zo shago da kwanon gyaɗarta a ka, ta sauke a bakin ƙofa, ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida, da zafi, da kasuwa. Sannan ta ɗaga murya irin wadda take kiran mai saye daga ƙarshen layi, ta ce, Alhaji, wai kai ne kake ɗaura wa mutane aure a cikin littafi? Kafin in rufe baki maƙwabtana na hagu da dama sun daina abin da suke yi. Ta ce Madam Viviane ta ga takardu huɗu da ƙarya iri ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, ta kira su ofis tana zargin satar amsa. Nasiha ta matsa gaba ta ce ita ce: wai ba ta karanta kasonta ba saboda lalaci, ta ƙirƙiri ƙarshen da kanta ta ba su. Kafin su shiga ta riga ta sa sauran ukun sun yi mata rantsuwa, kowa da abin da yake rantsuwa da shi, cewa ba za su ambaci sunana ba. Yanzu za a kai ta gaban majalisar ladabtarwa ta makaranta, ana iya korarta gida a daidai makonnin bitar ƙarshe, a kuma rubuta mata abin a takardunta. Cédric ya kasa cin abinci, ita kuma ta ce ɗanta in ya bar tuwo to akwai magana, ta matse shi har ta fito. Ta ce yarinya ta ɗauki kayana a kanta, ni ina nan ina auna yadi. Ta ɗauki kwanonta, ta ce in gaida Hajiya, ta tafi. Maƙwabcina na dama ya rufe fuska da hula wai barci yake, amma kafaɗunsa suna rawa.

Washegari da safe na sa babbar riga, na tsaya gaban madubi, na cire ta na sa ƙarama, don na ga ba ranar babbar riga ba ce. Na biya shago na zaro takardun daga ƙarƙashin atamfa, na hau babur zuwa makaranta. Aka zaunar da ni a benci tare da ɗaliban da suka makara, wani har yana tambayata ko ni ma an kama ni ne. Na ce masa ƙwarai. A ofishin mataimakin shugaban makaranta na tarar da Madam Viviane, 'yar ƙaramar mace mai tabarau, wadda ke kallon mutum ta saman gilashin. Na shirya jawabi da Ingilishi a kan babur, amma ina haɗa ido da ita ya bi iska. Na ajiye takardun a kan tebur na faɗi komai da Faransanci. Da na zo kan dalilin da ya sa na yi haka, sai na rasa kalmar da za ta ɗauke shi, na ce kunya. Mataimakin, wanda Bafulatani ne, ya ce semteende, wato kunyar da Fulatanci, ya gyaɗa kai, ya koma kallon rufi. Ita kuwa ta ce ta daɗe tana koyarwa a arewa, ta ga iyayen da ke yage shafi, ta ga masu manne shafi biyu da ƙaro, amma ba ta taɓa ganin wanda ya rubuta madadi ba sai a kaina. Ta ce tunda ta karanta aikina har sau huɗu, tana da ikon faɗin ra'ayinta: ba zai kai rabin maki ba, aure ya yi yawa, dattijon kuma ya warke da wuri.

Aka aika a kira Nasiha. Na ɗauka in ta gan ni za ta ji sanyi. Tana shigowa ta ga takardun a tebur, ta gan ni a tsaye hula a hannu, sai ta ja gyale ta rufe fuska ta fara kuka. Ba kukan wadda aka ceta ba ne, Yaya. Kuka take don ta kasa rufa mini asiri, kawunta yana tsaye gaban malamai kamar ɗan aji. Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na wannan lokacin ba. Hukuncin da aka yanke shi ne: an fasa kai ta majalisa, ba za a rubuta mata komai ba, an yi mata faɗa kan ƙaryar da ta yi, sifirin da suka ci a tambayar nan yana nan, za su sake rubutawa. Ni kuma Madam Viviane ta ce nawa aikin gida shi ne in karanta musu ƙarshen gaskiya da bakina, da ƙarfi, ba tsallake. Ta ba Nadine aron nata kwafin, ta ce ta riƙa bi da yatsa.

A ranar da la'asar Jaratu ta ɗauki mayafinta ta tafi maƙwabta, ta ce ita ba ta jin Ingilishi amma fuskata ma ta ishe ta fassara. Na zauna a tabarma, ba a kujera ba. Nasiha ta juya ta fuskanci katanga, ta ba ni baya. Samarin suka zuba wa yatsun ƙafarsu ido. Nadine ta ɗora yatsa a kan layin farko. Na fara karantawa da murya irin ta mai sanarwar rasuwa a rediyo. Da na iso ɗakin nan mai labule na yi ƙoƙarin wucewa da sauri, sai Nadine ta yi ɗan tari ta ce, Kawu, layi ɗaya ya faɗi. Na koma na ɗauko shi. Na wuce wannan da kyar, rigata ta manne a bayana. Amma da na zo walimar, inda yarinyar ta miƙe za ta kira sunan ubanta, sai muryata ta tsaya cak. Ina ganin sunan a takarda, sunan wani Bature ne da bai taɓa rayuwa ba, amma bakina ya ƙi. Can sai Nasiha ta miƙo hannu ta baya, ba tare da ta juyo ba. Na sa mata takardun. Ta ci gaba daga inda na tsaya, tana karanta wa katanga. Ta kira sunan, ta faɗi duk abin da 'yar ta faɗa, ta fitar da su daga gidan, ta bar dattijon da abincinsa, ta rufe.

Ban san me nake jira ya faru ba, amma bishiyar Baba ba ta faɗi ba. Cédric ne ya fara, ya ce yarinyar ta yi daidai, shi da shi ne har tebur ɗin zai kifar. Nadine ta ce ta yi daidai amma ba a gaban baƙi ba, kuma mai tambaya dalili yake so ba kifar da tebur ba. Arnaud, wanda ban taɓa jin ya haɗa jimla uku ba, ya yi doguwar magana a kan 'yar aikin, wai kowa yana ta magana a kanta amma ba wanda ya tambaye ta ko tana son a kama hannunta a fita da ita. Nasiha, har lokacin fuskarta na katanga, ta ce ita tana ganin yarinyar ta kira sunan ne don kalmar baba ta riga ta mutu a bakinta, ba don rashin kunya ba. Nadine ta ce ta maimaita, ta rubuta. Suka yi ta gardama da harsuna huɗu har aka kira magariba, sun manta ina wurin. Duk zaman da suka yi a gidan nan ban taɓa jin sun yi karatu irin na ranar ba, kuma shi ne na danne da atamfa.

Bayan sauran sun tafi, ina alwala, Nasiha ta zo ta durƙusa daga ɗan nesa. Ta ce, Kawu, naka ya fi daɗi, sai dai ba shi za a tambaya ba. Na ce ta je ta yi salla.

Yanzu na ɗinke littafin da allura da zaren shago, kaso huɗun duka, na ƙarshe a inda marubuci ya sa shi. Sun sake rubuta tambayar, Madam Viviane ta ce sun yi ƙoƙari, har ta karanta wa aji amsar Arnaud. Tabarma ta dawo gefen kujerata, amma an sauke ni daga malanta, aikina yanzu kawo ruwan ƙanƙara da sayen alli. A kasuwa sunana ya koma limamin ɗaurin aure, ko gwauro ya wuce sai a nuna masa shagona. Na karɓa, don ni na saya da kaina. Abin da nake roƙonki shi ne, in kun yi waya kada ki yi mata faɗa kan ƙaryar da ta yi. A gidanmu ta koyi rufe fuskar babba, ta kuma yi shi fiye da yadda babban ya cancanta. Idan akwai faɗa a bakinki, kin san lambata, na shirya. Jarrabawar wata mai zuwa ce, ki sa ta a addu'a, ita da abokanta uku, don duk cikinsu babu wanda ya kalle ni da raini ko sau ɗaya.

Ki gaida Malam Abakar da kyau, da Maryama da 'yan biyu, da Gwaggo Asta in har yanzu tana wurinku. Jaratu da Inna Dudu suna gaishe ku, Nasiha ta ce a ce miki tana nan tana ƙoƙari. Madam Florentine ma ta ce in gaishe ki, ta ƙara da gyaɗa a cikin kayan. Na san Malam zai ce ki karanta masa wannan takarda saboda idonsa. Ki karanta masa ita duka, Yaya, har inda aka zaunar da ni a benci. Kada ki gyara masa komai.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙaninki,
Shu'aibu